Zogale Bai San Ƙanƙara Ba, Amma Ya San Rani

A Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, lambun bayan gida ba ya bushewa sannu a hankali kamar yadda gona take yi a gida bayan ɗaukewar ruwa. Dare ɗaya ne. Da magariba za ka bar kuɓewa tsaye da furenta, zogale ya wuce kafaɗa, daddoya tana ƙamshi a bakin ƙofa. Da asuba ka leƙa ta taga ka ga ciyawa ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gishiri. Kafin hantsi ganyen ya yi baƙi ya lanƙwashe, sai ka ce tafasasshen ruwa aka zuba masa. Wannan dare yakan zo ne wajen mako na uku na watan Satumba, kuma irinsa na ƙarshe yakan wuce ne wajen ƙarshen Mayu. Tsakaninsu kwana 120 ne ko abin da ya yi kusa da haka. Wata huɗu, kusan tsawon daminar Kano.

Duk wanda ya daɗe a irin wannan ƙasa ya san kewar ɗanyen ganye. Busasshen zogale da kuka da kuɓewa ana samun su a shagunan 'yan Afirka, amma kwaɗon rama ba ya yiwuwa da garin ganye, faten tsaki kuma ba ya cika sai da yakuwar da aka tsinko yanzu. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka koma manoman bokiti da tukwane. Kuma shi ya sa kowane Satumba tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu: yaya za a yi shukar nan ta kai baɗi?

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, ba ƙanƙarar waje ce take kashe mafi yawan shuke-shukenmu ba. Ita ƙanƙara kowa yana ganin zuwanta, yana kwashe tukwanensa. A cikin ɗaki suke mutuwa, a hannun mai tattalinsu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Dalilin kuwa sai an bi shi daga tushe.

Sanyin da ke cutar da shuka iri biyu ne, kuma mutane sukan haɗa su. Na farko shi ne daskarewa, wato zafi ya sauka ƙasa da sifili. A nan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar ganye ne yake fara zama ƙanƙara, ƙanƙarar kuma ta riƙa tsotso ruwan da ke cikin ƙwayoyin har su motse su yage. Idan rana ta fito ta narkar, babu abin da ya rage da zai riƙe ruwan, shi ne ganyen yake yin laɓe-laɓe kamar dafaffe. Abin mamaki, mutuwar ƙishirwa ce a tsakiyar ruwa. Wannan ma yana iya faruwa a daren da masu hasashen yanayi suka ce digiri 2 ko 3 na ma'aunin Salshiyas za a yi, domin su suna aunawa ne a tsayin ƙirjin mutum, alhali idan sama ta yi garau babu gajimare babu iska, fuskar ganye da doron ƙasa sun fi haka sanyi. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarawa take yi ta kwanta a kwari kamar ruwa.

Na biyun ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne ya shafe mu. Shukar ƙasashe masu zafi tana fara jin jiki tun daga digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, nesa da daskarewa. Duk wanda ya taɓa sa ayaba a firji ya ga ɓawonta ya yi baƙi ya ga wannan cuta da idonsa, kuma saboda ita ne jiragen ruwa masu dakon ayaba suke riƙe ta a digiri 13 zuwa 14. A 1970 wasu masana biyu, James Lyons da John Raison, suka gwada tumatir da kokwamba da dankalin Hausa a gefe ɗaya, kayan lambun ƙasashen sanyi a ɗaya gefen, suka ga numfashin ƙwayoyin rukunin farko yana karyewa da zarar an sauko wajen digiri 10. Bayanin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne ga wanda ya taɓa ajiye man shanu ko man kaɗe da hunturu. Kowace ƙwayar halitta tana da siririyar fata da aka gina da maiƙo. Maiƙon shukar ƙasar zafi irin na man kaɗe ne, da sanyi ya taɓa shi sai ya sandare. Na shukar ƙasar sanyi ya fi kama da man gyaɗa, yana nan ruwa-ruwa. Fatar da ta sandare ba ta iya tace abin da ke shiga da fita, sai ƙwayar ta fara yoyo. Bincike na baya ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, amma ginshiƙin bayanin yana nan. Ga mai lambu ma'anarsa ɗaya ce: kada ka jira ranar fari fat. Daga lokacin da dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10 a jere, tukwane su shiga ciki.

Itatuwan nan ƙasar kuwa, irin su tuffa, da ganyaye irin su na'a-na'a da tafarnuwa, suna da wata baiwa da namu ba su da ita. Idan kwanaki suka fara gajarta sanyi ya fara shigowa, sukan tara sukari a jikinsu, su sauya maiƙon fatar ƙwayoyinsu, su shirya. Michael Thomashow da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Michigan sun gano, a ƙarshen shekarun 1990, wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke kunna wannan shiri. Tafarnuwa ma a Oktoba ake binne ta a nan, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara ta fito a bazara. Zogale ba shi da wannan makulli, kuma ba a koya masa. Na sha jin masu cewa a riƙa barin shuka a waje kaɗan-kaɗan har ta saba da sanyi. Ba ta sabawa. A garin da matsakaicin zafin Janairu yake wajen digiri 16 ƙasa da sifili, wasu darare su wuce 30, ƙasa kuma ta daskare zurfin da ya fi mita ɗaya da rabi, babu lulluɓin ciyawa ko buhu da zai ceci saiwar shukar savana. Taswirar yankunan juriyar sanyi da Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fara fitarwa a 1960 ta kuma sabunta a 2023, da irinta ta Kanada da aka fara a 1967, suna da amfani ga mai dasa tuffa. Mu dai abu ɗaya suke gaya mana, wato waje ba wurin kwananmu ba ne.

Wata huɗun nan na ɗumi kuwa ba abin rainawa ba ne. A ƙarshen Yuni rana tana yin fiye da awa 16 a sama. Alayyafo da lalo da rama suna tashi da saurin da ban taɓa gani a gida ba, a yanka yau, mako biyu sun sake cika. Waɗannan ba sa bukatar wata dabarar ƙetare hunturu, a shuka, a ci, a shanya saura, baɗi a sake. Matsalarsu ɗaya ita ce sanyin ƙasa. Ƙasar Winnipeg laka ce mai nauyi, gindin wani tsohon tafki ne da ake kira Agassiz, tana riƙe ruwa tana jinkirin ɗumama. Mutanen gari sukan fara dashe a dogon hutun ƙarshen mako na Ranar Victoria a watan Mayu, amma wanda ya bi su da kuɓewa zai yi asarar iri, domin kuɓewa ba ta tsirowa da kyau sai ƙasa ta kai wajen digiri 20. Gara a rene ta a ɗaki, a fitar a makon farko ko na biyu na Yuni, a baƙar tukunya ko a kunya mai tudu da aka rufe da baƙar leda, a jikin bangon da ke fuskantar kudu.

Yakuwa ce ta fi ba ni darasi. Shekarar da na fara shuka ta, ta yi tsayi har ta kai ƙirjina, ganye jajaye-jajaye, kara kamar babban yatsa. Na sa rai da zoɓo. Yuli ya wuce, Agusta ya wuce, ko alamar fure babu. Na ƙara taki, sai ganye ya ƙaru. Sai a kwanakin ƙarshe na Satumba na ga 'yan ƙananan kawuna a hammatar ganye, kamar ƙwayar dawa, kuma a makon ƙanƙara ta sauka.

Ba taki ba ne, ba ruwa ba ne, agogo ne. Yakuwa tana cikin shuke-shuken da ba sa fure sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12. Wasu masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Garner da Allard, su ne suka bayyana wannan ɗabi'a a 1920, bayan sun yi fama da wata irin taba da ta ƙi fure duk tsawon lokacin zafi. Daga baya, a 1938, aka gano cewa tsawon dare shuka take aunawa, kuma ɗan haske a tsakiyar dare ya isa ya ɓata mata lissafi. Manomin Hausa ya san wannan a aikace tun kafin a ba shi suna. Kaura da farafara da maiwa da waken gida, ko ka yi shuka da wuri ko ka makara, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai a ƙarshen damina. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, amma shuka tana jin wannan ɗan bambanci, shi ne yake gaya mata ruwa ya kusa ɗaukewa, ta yi 'ya'ya. To ka ɗauko wannan agogo ka kawo shi inda yini yake awa 16 a Yuni, ba ya dawowa awa 12 sai bayan 22 ga Satumba. Ranar da shuka za ta ji kiran fure ita ce ranar da sanyi zai kashe ta.

Maganin yana da wahala amma yana aiki. Tun daga tsakiyar Yuli a riƙa yi mata daren ƙarya: da misalin ƙarfe shida na yamma a kife mata babban kwali ko a tura tukunyar cikin gareji mai duhu, a buɗe da ƙarfe bakwai na safe, kullum, na tsawon makonni, har kawuna su bayyana sosai. Duhun ya zama na gaske, domin fitilar titi ko ta maƙwabci tana iya rushe aikin. A ganina wannan wahala ta cancanci tukunya ɗaya ko biyu, don samun iri da kuma don yara su ga inda zoɓo yake fitowa. Wanda yake son cika tulu da zoɓo ya sayi busasshe. Rama ma haka take, sai dai ita ganyenta muke so, don haka dogon yinin nan alheri ne gare ta.

Yanzu ga cikin ɗaki. Mutum yakan ɗauka tunda akwai na'urar ɗumama gida, zafi digiri 21 dare da rana, to shuka ta dawo gida kenan. Ba ta dawo ba. Ta shiga wani yanayi da ba ta san irinsa ba, wato ɗumi tare da duhu. Hasken tsakar rana a fili yana kai lakis 100,000 a ma'aunin haske. Bakin taga mai kyau a watan Disamba yakan ba da 'yan dubbai, tsakiyar falo kuwa 'yan ɗaruruwa. Idonmu yana daidaita kansa shi ya sa ba ma lura. Ga shi kuma yinin kansa awa 8 ne kacal, rana tana rarrafe a gefen sama ta kudu. Ita shuka da haske take dafa abincinta, da ɗumi kuma take ƙona shi. Ɗumi yana gaya mata ta ci gaba da aiki, haske bai isa ya biya kuɗin aikin ba, sai ta shiga cin rumbunta. Za ka ga tana fitar da dogayen rassa sirara farare-farare masu neman taga, mai ita yana murna wai tana girma, alhali ajiyar saiwarta ce take ƙarewa. Sai ganye ya fara rawaya. Mai ita ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Shukar da ba ta aiki ba ta shan ruwa, tukunya ta zauna a jiƙe, iska ta ƙare a cikin ƙasar, saiwa ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta kai ruwa sama, ganye ya ƙara yaushi, a ƙara ruwa. Haka ake yi har a wayi gari kara ya yi laushi.

Haka na rasa zogalena na farko da na biyu. A hunturu na uku, a cikin Disamba, ina magana da mahaifiyata ta wayar bidiyo, sai na juya mata wayar ta ga na ukun a bakin taga, saura ganye kaɗan a kansa, ga butar ruwa a gefe. Ta ce in matso da wayar gindinsa. Ta duba ta ce, "Kai ɗan nan, me ya haɗa shi da ruwa yanzu?" Na ce, "Inna, ganyen ne yake zuba." Ta ce, "To ba lokacinsa ba ne? Ka taɓa ganin an bi kuka da ruwa da rani don ta zubar da ganye? Ka ƙyale shi ya huta."

Maganar nan ita ce ta buɗe mini kan lamarin gaba ɗaya. Shukar savana ba ta san ƙanƙara ba, amma ta san wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwa. Tana da nata barcin, kuma fari ne yake kwantar da ita. Kuka tana tsayawa tsirara duk rani da ruwanta a ciki. Kariya, wadda ake sayarwa a nan da tsada a matsayin furen ado, gindinta kumburarre tulu ne. Zogale, wanda asalinsa arewacin Indiya ne, yana da saiwa mai kauri fara kamar rogo, a nan yake ɓoye abincinsa. Citta da gangamau ganyensu yakan bushe da kansa idan ruwa ya ɗauke, kamar yadda ake gani a gonakin Kachia kafin haƙa, ran yana ƙasa yana jira. Gwaza ma haka. Aikin mai lambu a ƙasar sanyi shi ne ya daina ƙoƙarin ƙirƙiro musu damina a falo, ya mayar musu da hunturun nan rani.

Ga yadda nake yi da zogale yanzu. Tun farko a doguwar tukunya nake shuka shi, saboda saiwarsa ƙasa take nufa, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ke wucewa. Daga farkon Satumba nake rage ban ruwa, in daina taki. Kafin dare ya sauka ƙasa da digiri 10 sai in datse shi, in bar kara kamar kamu ɗaya ko ƙasa da haka, in tsige sauran ganyen, in sauke tukunyar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda zafi yake tsayawa tsakanin digiri 12 da 15. Wannan tazara ita ce sirrin. Ta yi sanyin da zai hana shi farkawa, ba ta yi sanyin da zai sandarar da maiƙon nan ba. Ba na ajiye tukunyar kai tsaye a kan siminti, sai na sa katako a ƙarƙashi, domin daɓen ya fi iskar ɗakin sanyi. Haske ba dole ba ne ga abin da ba shi da ganye. Ruwa kuwa kofin shayi ɗaya duk bayan mako uku ko huɗu, a gefen tukunya, don dai kada ƙananan saiwoyi su ƙone ƙurmus. Lokaci-lokaci nakan kankare ɓawon da farce. Idan na ga kore a ciki, yana da rai. In matsa gindin da yatsa, idan da tauri, lafiya. Saman karan yakan bushe ya sauko ƙasa kaɗan, wannan ba komai ba ne. Garejin da ba a ɗumamawa kuwa kabari ne a wannan gari, kada a gwada.

Ba kowane ne yake tashi ba, ko an yi komai daidai. Ƙaramin da bai tara saiwa ba yakan tafi. Shi ya sa nake shuka sabon iri kowane Maris a matsayin madogara, musamman irin da ake kira PKM-1, wanda Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu ta fitar a 1989 don a noma shi kamar amfanin shekara. Amma wanda ya ƙetare hunturu da tsohuwar saiwa yana ba da ganye makonni kafin sabon shuka ya kai gwiwa, kuma a lokacin da bai wuce wata huɗu ba, makonni dukiya ne.

Akwai kuma waɗanda ba su san barci ba. Lemo ba ya zubar da ganye, don haka ba a kai shi duhu. Turawa sun daɗe da warware wannan. Gidan lemo na fadar Versailles a Faransa, wanda Jules Hardouin-Mansart ya gina tsakanin 1684 da 1686, yana ɗaukar itatuwa fiye da 1,000 a cikin akwatuna. Bangonsa kauri ne da shi na mita 4 zuwa 5, manyan tagoginsa suna kallon kudu, kuma zafin ciki ba ya sauka ƙasa da wajen digiri 5. Haske da sanyi-sanyi, ba ɗumi ba. Har yau a kan fitar da itatuwan a Mayu a mayar da su a kaka. Darasin shi ne haske da ɗumi su tafi tare: ko a rage duka biyun, ko a ƙara duka biyun. Abin da ke zubar da ganyen lemo a gidajenmu shi ne a raba su, tukunya tana kan daɓe mai sanyi a jikin gilashi, saiwa ta tsaya da aiki don ta sauka ƙasa da digiri 12 ko 13, rana kuma ta bugi ganye ta taga ya nemi ruwa, babu mai kawowa. Lemun tsami irin namu ya fi sauran dangin lemo rashin juriya, shi kam ya fi son a riƙe shi a ɗumi a ƙara masa fitila. Fitilar shuka ta LED mai wat 40, idan tana ci awa 14 a rana, wutar da za ta sha a wata kusan kilowat-awa 17 ce kawai. A rataye ta kusa, kamar taƙi ɗaya ko biyu na hannu daga ganye, domin haske yana raguwa da sauri da zarar an yi nisa.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya shirya wa baƙi. Iskar waje a digiri 20 ƙasa da sifili ba ta iya ɗaukar tururin ruwa fiye da kimanin giram 1 a kowace kubik mita, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, idan kuma aka ɗumama ta zuwa digiri 21 tana da wurin giram 18. Wato iskar ɗaki a Janairu busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturun Kano mai fasa leɓe da dunduniya. Wannan ita ce aljannar wani ɗan mitsitsin gizo-gizo mai tsotsar ganye, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. A ɗumi, daga ƙwai zuwa babba ba ya wuce mako biyu. Alamarsa ɗigo-ɗigon fari a ganye, daga baya siririyar saƙa a ƙarƙashi. Darɓa da farin ƙuda su ma sukan biyo shuka daga waje, a ɗaki kuma babu ƙwarin da ke cinye su. Rigakafin shi ne wanka: kafin shigarwa a wanke ganye sama da ƙasa da ruwan sabulu mai laushi, a ware sabuwar shigowa mako biyu, sannan duk bayan kwana goma a kai tukunya banɗaki a sakar mata ruwa mai ɗumi-ɗumi, an ɗaure bakin tukunyar da leda don kada ƙasa ta jiƙe.

Attaruhu yana tsakiya, kuma shi ne ya fi biyan wahala. Mutane da yawa ba su san cewa ba shukar shekara ɗaya ba ce, ƙaramin itace ne mai iya shekaru. Daga iri yana da nawa ƙwarai, ko an rene shi tun Fabrairu, sau da yawa ƙanƙara tana riskarsa da 'ya'ya kore shar. Amma idan aka datse shi a Satumba aka bar 'yan rassa masu siffar gwafa, aka tsige ganye, aka sauya masa ƙasa, aka ajiye shi a taga mai sanyi-sanyi da ruwa kaɗan, a shekara ta biyu yana fure tun Yuni. Shuwaka da dankalin Hausa da daddoya kuwa ba sai an ɗauko uwar ba. A yanki reshe kamar tsawon tafin hannu a ƙarshen Agusta, a sa a kofin ruwa har ya yi saiwa, a dasa a ƙaramar tukunya. Ƙaramin abu ya fi sauƙin haskawa da wankewa. Ciyawar shayi a rage mata tsawo a raba gindin, ita ma tana wucewa a bakin taga.

Ayaba da gwanda da mangwaro fa? Ra'ayina, a shuka su don sha'awa, kada a sa rai da 'ya'ya. Ayaba tana son kusan shekara ko fiye na ɗumi da haske ba yankewa kafin ta yi nono. Gaskiya ne cewa ayabar da ta cika kasuwannin duniya a yau, Cavendish, ta bi ta ƙasar sanyi, domin Joseph Paxton ya rene ta a shekarun 1830 a gidan gilashi na Chatsworth a Ingila, aka sa mata sunan dangin maigidansa. Amma wannan gidan gilashin basarake ne mai wuta da ma'aikata. Wanda yake kewar ganin irin waɗannan itatuwa a Winnipeg yana iya zuwa The Leaf a lambun Assiniboine, da aka buɗe a ƙarshen 2022, ya shaƙi iskar damina a tsakiyar Janairu. Gwanda ce ta fi kowa saurin ruɓewar saiwa a ƙasa mai sanyi da danshi, na daina sa ta a lissafi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: iri da saiwa daga gida. Dokar Kanada ta wajabta a bayyana duk wani tsiro ko iri a bakin shiga, ƙasa kuma ba a shigo da ita. Dokar tana da hujja, domin cutar shuka a ɗan dunƙulen ƙasa take tafiya. Kusan duk abin da na ambata ana samun irinsa wajen masu sayar da iri a cikin ƙasar, citta da gwaza kuwa na shagon abinci ma suna tsira.

Farkawa tana farawa a tsakiyar Maris, lokacin da yini ya dawo awa 12. Nakan hau da tukwanen zogale da citta sama, in sa su a taga ta kudu ko ƙarƙashin fitila, in ba su ruwa mai ɗumi kaɗan, in jira. Ba na ƙara ruwa sai na ga toho, taki kuma sai ganye ya buɗe. Wani yakan yi mako biyu, wani sai ya kai shida, don haka ba na zubar da tukunya kafin ƙarshen Afrilu matuƙar gindin da tauri. Fitarwa waje ma ba a yi mata gaggawa. Ganyen da ya fito a ɗaki fatarsa sirirya ce, rana ɗaya ta Yuni tana iya ƙona shi ya yi fari kamar takarda. Ranar farko awa ɗaya a inuwa inda babu iska, washegari biyu, a riƙa matsawa zuwa rana har kwana bakwai zuwa goma, ana shigarwa da dare. Sai hasashen mako guda ya nuna babu daren da zai sauka ƙasa da digiri 10 sannan su kwana a waje, wanda a nan yakan kai mu makon farko ko na biyu na Yuni. Ko a lokacin, tsohon zanin gado yana rataye a bayan ƙofa, saboda daren da sama za ta yi garau iska ta tsaya.